Wa ke tsara hirar ɗalibai da 'yan sama jannati ta rediyo, kuma makarantarmu za ta iya samu?

Tambaya daga wani malamin kimiyya a makarantar sakandare: "Na ga bidiyon wasu ɗalibai a Turai sun yi layi a gaban makirufo suna yi wa ɗan sama jannati tambayoyi ta rediyo, shi kuma yana ba su amsa daga tashar sararin samaniya. Tunda tashar ta ƙasashe da yawa ce, wa ke tsara wannan? Rediyon ta wace ƙasa ce? Kuma makaranta irin tamu za ta iya shiga?"

Malam, sannu da ƙoƙari. Shirin da ka gani sunansa ARISS, kuma ba wani ofishi ba ne a cikin NASA kamar yadda mutane da yawa suke zato. Haɗaka ce ta masu rediyon sha'awa na ƙasashe daban-daban, wato mutanen da suka zauna jarrabawa, gwamnatinsu ta ba su lasisi da lambar kira, suke magana da juna a zangunan da aka ware musu ba don neman kuɗi ba. Yawancin masu riƙe da shirin 'yan sa kai ne, wasu tsofaffin injiniyoyi, wasu malamai irinka.

Bari in faɗa maka tun daga farko inda wuyar aikin take. Ba a rediyon take ba. Rediyon da ke cikin tashar yanzu, wato tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa (ISS), ƙirar Kenwood ce, 'yar'uwar wadda ake saye a kanti a ɗaura a mota, kuma ƙarfinta bai wuce wat 25 ba. Tashar tana sama da mu da kusan kilomita 400 ne kawai, babu dutse babu gini a tsakani, don haka murya ba ta shan wahalar isowa. Abin da ke cin shekaru shi ne neman izini, da neman lokaci, da sasanta dokokin ƙasashen da kowace take ganin tata ce daidai.

Asalin abin ya girmi tashar. A ƙarshen 1983 ɗan sama jannatin Amurka Owen Garriott ya tafi da ƙaramar rediyo a kumbon Columbia, ya manna eriya a jikin taga, ya yi ta magana da mutanen ƙasa da lambarsa W5LFL. Cikin waɗanda suka amsa masa har da Sarki Hussein na Jodan, wanda shi ma gwanin rediyon sha'awa ne, lambarsa JY1. Daga nan Amurkawa suka kafa nasu shirin a kumbunansu, suka sa masa suna SAREX. Su kuma Rashawa suka fara nasu a tashar Mir a 1988, lokacin da Musa Manarov da Vladimir Titov suke can. Kowane ɓangare da kayansa, da al'adarsa, da mutanen da ya saba da su a hukumarsa. Da aka zo gina tasha ɗaya ta haɗin gwiwa, hukumomin sararin samaniya suka nuna ba za su iya sauraron ƙungiyar kowace ƙasa ita kaɗai ba, kowa ya zo da akwatinsa yana neman wurin ajiyewa. Su dai a zo musu da murya ɗaya. Shi ya sa a watan Nuwamba na 1996 wakilai suka haɗu a cibiyar Johnson da ke Houston suka kafa ARISS, shekara biyu kafin a harba ɗakin farko na tashar.

An raba shirin yanki biyar, daidai da hukumomi biyar da ke da tashar: Amurka, Rasha, Turai, Japan da Kanada. Kowane yanki yana turo wakilai daga ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta ƙasa da kuma ƙungiyar AMSAT, wadda ta ƙware a kan taurarin ɗan'adam na 'yan sha'awa. A Amurka ARRL ce da AMSAT, a Japan JARL, a Kanada RAC. A Rasha kuwa aikin ya jima a hannun Sergey Samburov na kamfanin Energia, kamfanin da ke kula da ɓangaren Rasha na tashar, abin da ya sa maganarsu ke saurin isa inda ake yanke hukunci. Frank Bauer, tsohon injiniyan NASA, ya yi shekaru yana shugabantar haɗakar. Wakilan suna tattaunawa ta waya a kai a kai, suna kuma haɗuwa ido da ido lokaci-lokaci. Wanda ke da sabon aiki, misali yana son a kai na'urar aika hoto, sai ya kawo wa kwamiti a tace: mene ne amfaninsa ga ɗalibai, wa zai biya, a wane ɗaki za a sa, wace mitar rediyo zai yi amfani da ita, minti nawa zai ci na lokacin ma'aikatan tashar. In wakilai sun amince, sai yankin da abin ya shafa ya ɗauka ya kai wa hukumarsa.

Ka lura cewa duk wannan amincewar ba ta ɗaure kowace hukuma ba. ARISS ɗan haya ne a gidan da masu shi biyar ne, kowanne da kasonsa da makullinsa, kuma ɗan hayar nan ba ya biyan kuɗin da zai ba shi bakin magana. Abin da yake biya da shi shi ne amfani: hukumomin suna son yara su shaƙu da kimiyya, 'yan sama jannati suna jin daɗin jin muryar da ba ta masu ba su umarni ba, sannan rediyon tana nan a matsayin hanyar ko-ta-kwana in sauran hanyoyin sadarwa sun yanke.

Tambayarka ta biyu, ta wace ƙasa ce rediyon, amsarta tana cikin yarjejeniyar da gwamnatoci 15 suka sa wa hannu a Washington a watan Janairu na 1998. A ƙarƙashinta kowace ƙasa tana da iko a kan ɗakunan da ta yi wa rajista da kuma mutanenta. Saboda haka babu lasisi ɗaya na tashar. Akwai lambar kira ta Amurka, NA1SS, da ta Rasha, RS0ISS, da ta Beljiyam, OR4ISS, da ta Jamus, DP0ISS, da wasu ƙari. Lokacin da Tim Peake na Birtaniya ya je a 2015 zuwa 2016, an ba shi GB1SS. Rediyo ɗaya ce za ta iya amsa wannan suna yau, gobe ta amsa wancan, gwargwadon wanda ke riƙe da makirufo da ƙasar da yake magana da ita. Shi kansa ɗan sama jannatin sai ya ci jarrabawar lasisi kamar kowa. Da yawa a lokacin horo suke zaunawa su rubuta ta, kuma ba dole aka yi musu ba. Wanda bai da lasisi ba ya shiga jerin masu hira da makarantu.

Akwai wata doka da ke ba masu tsara shirin ciwon kai wadda mai kallon bidiyo ba zai taɓa sanin tana nan ba. Yaron da ke tsaye a gaban makirufo ba shi da lasisi. A dokar rediyo shi mutum na uku ne, wanda ake ɗaukar saƙonsa ta tashar wani. Amurka ba ta yarda mai lasisinta ya yi irin wannan da wata ƙasa ba sai in akwai yarjejeniya tsakanin gwamnatocin biyu. Gana tana cikin ƙasashen da ke da wannan yarjejeniya da Amurka, haka Gambiya da Laberiya da Saliyo da Afirka ta Kudu, amma ƙasashe da yawa, har da manya a Turai, ba sa ciki. To in makaranta tana ƙasar da babu yarjejeniyar, sai an nemi wata dabara: ko a yi amfani da lambar kiran wata ƙasa, ko a nemi izini na musamman, ko a bi ta wata tashar ƙasa da ke inda doka ta yarda. Wannan ɗaya ne daga cikin dalilan yawan lambobin nan da na lissafa.

Sai maganar mita. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta raba duniya yanki uku. Mu da Turai da Gabas ta Tsakiya da Rasha muna yanki na ɗaya, nahiyar Amurka na biyu, sauran Asiya da Ostireliya na uku. A yankinmu zangon da ake wannan magana a kansa daga megahaz 144 ne zuwa 146, a Amurka kuwa ya kai 148, kuma kowane yanki ya riga ya yanka nasa gunduwa-gunduwa tun kafin a yi tashar. An samu an daidaita a kan mita ɗaya ta saukowa, 145.800, wadda duk duniya ake jin tashar a kanta. Ta hawa ce ta gagara. A yankinmu ana kiran tashar a kan 145.200, amma a Amurka wannan wurin na na'urorin maimaita murya ne na garuruwa. Su suna kira a kan 144.490, wanda a Turai yake gefen da aka ware wa na'urorin da ke aika alamar gwaji ba dare ba rana. Babu wanda ya yarda ya tashi daga wurinsa, don haka aka bar biyun. Ɗan sama jannatin da ke hira da mutanen Brazil, cikin 'yan mintoci ya tsallake Tekun Atlantika, in yana son jin mutanen Afirka ta Yamma sai ya canza mita. Ni a ganina wannan sulhu ne mai kyau, domin da an nace sai an samu mita ɗaya, da har yau ana taro.

Kayan aikin ma kowane yanki da hannunsa a ciki. Na farko ƙananan rediyo ne na hannu ƙirar Ericsson, kumbon Atlantis ya kai su a watan Satumba na 2000, kafin ma mazauna tashar na farko su iso a ranar 2 ga Nuwamba. Ba su da eriya tasu, sai aka ari wasu eriyoyi da ke jikin ɗakin Zarya waɗanda aka yi don wani aiki daban. Da waɗannan rediyo ne ɗan sama jannatin Amurka Bill Shepherd ya yi hira ta farko da makaranta, ranar 21 ga Disamba 2000, da ɗaliban makarantar Luther Burbank a jihar Illinois. A 2002 aka fita wajen tashar aka ɗaura eriyoyi huɗu a bayan ɗakin Zvezda na Rasha. Daga baya Turawa suka sa nasu a ɗakin Columbus, wanda aka harba a 2008, suka kuma ƙara da na'urar aika bidiyo kai tsaye da aka ƙera a Italiya. Da ita ɗaliban wata makaranta a Ingila suka ga fuskar Tim Peake yana ba su amsa a watan Fabrairu na 2016. Ta lalace a 2018, sai da aka dawo da ita ƙasa gyara, domin a sama babu mai buɗe akwati ya kama walda.

In kana son ganin yadda ƙaramin abu ke zama babba a wannan aiki, dubi maganar wuta. Ɓangaren Amurka yana ba da bolt 120, ɓangaren Rasha bolt 28, rediyon kuma kusan 14 take so. Shekaru da yawa na'urar da aka amince da ita a wannan ɗaki ba ta da izinin tsallakawa wancan. 'Yan sa kai na AMSAT suka zauna suka ƙera akwatin wuta guda da zai karɓi ko wanne daga cikin biyun. Ƙera shi bai kai samun takardunsa wuya ba. Sai an tabbatar robar da ke ciki ba ta fitar da iskar da za ta cutar da mutane a ɗakin da ba a buɗe taga, ba ta kama wuta, jikin akwatin ba ya zafin da zai ƙona hannu, babu kaifi a gefensa, kuma ba ya sa wa sauran na'urorin tashar ƙara. Dole a sa masa fanka, saboda inda babu nauyi iska mai zafi ba ta tashi sama, a kan na'urar take taruwa. Ita ma rediyon sai da Kenwood ya sake mata tsarin ciki, yadda ɗan sama jannati zai danna maɓalli ɗaya ya samu abin da yake so, ba ya tsaya yana laluben littafi ba. Kuma kowane gwaji sai an gamsar da masu duba lafiyar kaya na NASA, sannan a gamsar da na Rasha da nasu sharuɗɗan. An harba sabon tsarin a watan Maris na 2020, Chris Cassidy ya kunna shi a Columbus ranar 2 ga Satumba.

Bai yi wata biyar yana aiki ba sai ga matsala. Ranar 27 ga Janairu 2021 aka fita wajen tashar don wani aikin da ya shafi Bartolomeo, dandamalin Turai na ɗora kayan gwaji a jikin ɗakin Columbus, aka canza wata waya da eriyar rediyon ke bi ta cikinta. Da aka zo hira da makaranta ta gaba, yara sun taru, ana ta kira, shiru. Masu ARISS ba su da ikon cewa a fita gobe a gyara, domin fita waje aiki ne da ake shirya shi da watanni, ga haɗari. Suka yi ta gwaje-gwaje daga ciki tare da NASA da hukumar Turai, suka lallaɓa da rediyon ɓangaren Rasha, har ranar 13 ga Maris da aka sake fita don wasu ayyuka, aka saƙala nasu a ciki, Mike Hopkins ya mayar da tsohuwar wayar. Ranar da ake cewa me ya sa ake ajiye rediyo biyu a ɗakuna biyu na ƙasashe biyu, wannan ce amsar.

Ba hira da makarantu kaɗai haɗakar ke yi ba. Aikin da na fi so a tarihinta shi ne na 2006, da Rashawa suka kawo shawarar a ɗauki tsohuwar rigar fita waje da ta gama aiki, a cusa mata rediyo da batir, a jefa ta ta zagaya duniya. Amurkawa suka haɗa na'urorin, yara daga ƙasashe daban-daban suka naɗi gaisuwa da harsunansu. Ranar 3 ga Fabrairu Valery Tokarev da Bill McArthur suka tura ta. Muryarta ta fito da rauni ƙwarai, har aka fara cewa ta mutu, amma masu manyan eriyoyi suka ci gaba da tsinto ta na kusan mako biyu.

Yanzu ga inda aikin tsarawa yake da gaske, wato lokaci. Tashar tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaya duniya cikin minti 90 da 'yan kai. Daga fitowarta a wannan gefen sama zuwa faɗuwarta a wancan, minti 10 ne in an yi sa'a ta bi ta saman kai. In ta bi ta gefe, bai kai haka ba. Cikin wannan minti 10 za a yi komai. To mai tsarawa sai ya samo wucewar da ta haɗa abubuwa da yawa a lokaci guda. Ta zama mai tsayi a saman makarantar. Ta faɗo a lokacin da yara suke makaranta. Ta faɗo a lokacin da ma'aikatan tashar suke farke, su kuma da agogon GMT suke aiki, suna tashi wajen ƙarfe 6 na safe su kwanta wajen 9 da rabi na dare. Kada ta zo ranar da wani kumbo zai iso ko zai tashi, ko ranar fita waje, domin a irin waɗannan ranaku kashe rediyon ake yi gaba ɗaya. A kuma samu mai lasisi a cikinsu wanda yake jin harshen yaran, wanda masu tsara jadawalinsa za su yarda su tsame masa mintocin daga aikin da aka riga aka yanka masa.

Ko an samu duk wannan, lokacin bai tabbata ba tukuna. Iskar da ta rage a can sama tana jan tashar ƙasa a hankali, don haka lokaci-lokaci ake kunna inji a ɗaga ta, wani lokaci kuma a kauce wa tarkace. Kowace ɗagawa tana gusar da lissafin wucewa. Shi ya sa ake ba makaranta mako tun da wuri, amma rana da minti sai an kusa. Masu tsarawa a ARISS sukan miƙa zaɓi da yawa a jere, masu jadawalin hukumar su ɗauki ɗaya. Shugaban makarantar da ke son buga katin gayyata wata biyu kafin ranar zai sha mamaki.

A nan muna da wata sa'a da ba a cika lura da ita ba. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi awa ɗaya suke gaban GMT, Gana kuwa a kansa take daidai. Ke nan lokacin da yaranmu suke aji, 'yan sama jannati suna tsakiyar ranar aikinsu. Makarantun Japan da Ostireliya sau da yawa sai da yamma ko da dare suke tara yara.

Ranar hirar kanta ga yadda take. An riga an tattara tambayoyi kusan 20, an tace, an aika wa ɗan sama jannatin ya gani tun kafin ranar, don ko ƙara ta cinye rabin maganar yaro ya san abin da ake nufi. Yara sun yi layi, kowa da takardarsa a hannu, sun maimaita har sun gaji. A kan rufin makaranta akwai doguwar eriya da mota ke juyawa tana bin tashar, a gefe ga rediyo ta biyu da eriyarta da batirinta, ko ta farko za ta ba da kunya. Saura minti ɗaya, mai rediyo ya buɗe lasifika, zaure ya cika da shuuu. Ya kira lambar tashar, ya faɗi tasa, ya saki maɓalli. Shuuu. Ya sake kira. A kira na uku ko na huɗu sai ƙarar ta yanke, murya ta fito tar kamar daga ɗakin kusa. Daga nan babu gaisuwa mai tsawo. Yaro ya faɗi sunansa, ya karanta tambayarsa, ya faɗi kalmar miƙa magana, ya matsa gefe, na bayansa ya matso tun ana ba da amsa. Wajen minti na tara muryar za ta fara tsinkewa, sai malami ya karɓi makirufo ya yi godiya, yara su tafa da ƙarfi don tafin ya isa kafin tashar ta faɗa bayan ƙasa. Mitar da makarantar ke hawa da ita ba a bayyana ta ga jama'a, don kada wani ya tsoma baki, amma amsoshin kowa na iya ji a 145.800 in yana ƙarƙashin hanyar tashar. An cika hira ta 1,000 irin wannan a watan Maris na 2016.

To makarantarku fa? Za ta iya nema. Ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya ta hannun ARISS na Turai suke shigar da takardunsu, kuma ba a biyan kuɗin hirar. Afirka ba baƙuwa ba ce a shirin: Mark Shuttleworth ya yi magana da ɗaliban Afirka ta Kudu ta rediyon tashar lokacin da ya je can a 2002. Abin da masu tacewa suke dubawa ba kyan zaure ba ne. Suna son ganin tsarin karatu: me yara za su koya a watannin da ke gaban hirar game da sararin samaniya da igiyar rediyo, yara nawa abin zai shafa, me za a ci gaba da yi bayan an watse. In an karɓe ku za a haɗa ku da wani gogagge da zai riƙa bibiyar shirinku, kuma ku sa a ranku cewa jiran zai iya kai shekara ko fiye.

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce wadda na kwatanta, a kafa tasha a makarantar, abin da ke buƙatar masu lasisi da kayan aiki masu tsada da gwaninta. Ta biyu ana ce mata gadar tarho. Akwai tashoshin 'yan sa kai da aka tantance a wurare irin su Italiya, Beljiyam, Afirka ta Kudu, Ostireliya da Amurka. Ɗaya daga cikinsu ce za ta kama tashar sama da rediyonta lokacin da take wucewa ta kanta, ku kuma a haɗa ku da ita ta layin waya. Yaro yana Zariya ko Maraɗi, muryarsa ta bi waya zuwa Italiya, daga can ta hau sama. Wannan hanya tana warware matsalar lasisi da ta kaya, tana kuma ba masu tsarawa zaɓin lokuta da yawa tunda ba sai tashar ta bi ta kanku ba. A lokacin korona a 2020 ma an faɗaɗa ta yadda kowane yaro yana gidansu ake haɗa shi. Ni ita zan ba ka shawara a karon farko. Wasu masu rediyo suna raina ta, wai ba rediyo ce zalla ba, amma yaron da ya ji an ambaci sunansa daga sama bai damu da ta ina muryar ta bi ba. Abin da za ku tanada shi ne layin waya mai kyau da na ko-ta-kwana a wani kamfanin daban, lasifikar da ba ta kuka, da wutar da ba ta dogara da janareto ɗaya ba.

Wani abu kuma da na san halinmu a kansa: kada a jera jawaban manyan baƙi a gaban hirar. Tashar ba ta jiran kowa. In an ce ƙarfe 11 da minti 42, to haka ne, ko babban baƙo yana hanya. A sa jawabai a bayan hirar, sannan a bar layin gaba ga yaran da suka yi wata shida suna shiri.

Kafin duk wannan, akwai abin da za ka iya farawa da shi a wannan zangon karatu, wato saurare. Ka sa manhajar bin taurarin ɗan'adam a wayarka ta nuna maka lokacin wucewa. Ka samo 'yar na'urar kama rediyo da ake soka wa kwamfuta, irin su RTL-SDR, wadda ba ta aika komai, saurare kawai take yi. Eriya kuwa yara za su iya haɗa ta da tef ɗin awo na ƙarfe da bututun roba, sanda uku a jere, ta tsakiya tsawonta kusan mita ɗaya. A 437.800 za ku ji na'urar maimaita murya ta tashar, wadda ke karɓar kira a 145.990 ta sake shi ƙasa. Tana ganin fili mai faɗin kilomita 4,000 da wani abu a lokaci guda, don haka daga Kano kana iya jin mai magana daga wata ƙasa mai nisa. A saman Turai cunkoso ake yi a kanta, a samanmu sau da yawa shiru take, saboda ƙarancin masu lasisi. Za ku kuma lura cewa lokacin da tashar ke tahowa sai kun ɗan hau sama da mitar, in ta wuce ku sauko ƙasa da ita, bambancin ya kai kilohaz 10 kowane gefe a wannan zango, kusan 3 da rabi a 145.800. Ga darasin sauyin mita saboda gudu, wanda kake zana wa yara a allo, ya zo hannunsu suna murɗawa.

Lokaci-lokaci kuma, galibi daga ɓangaren Rasha, ana ware kwanaki ana aiko da hotuna a 145.800. Sautin kamar kukan tsuntsaye yake fitowa. Ka kara wayar da ke da manhajar Robot36 a bakin lasifika, hoton zai riƙa sauka layi-layi, cikin kusan minti biyu ya cika. Wannan bai tsaya ba ko bayan da dangantakar Rasha da ƙasashen Yamma ta lalace a 2022, kamar yadda aikin tashar kansa bai tsaya ba.

Gargaɗi ɗaya. Ƙananan rediyon hannu masu arha da suka cika kasuwa suna iya aikawa a waɗannan mitoci, amma danna maɓallin magana ba tare da lasisi ba laifi ne a dokar ƙasa, kuma a yanayin tsaron da ake ciki, mutum a fili da rediyon hannu yana nuna eriya sama zai iya jawo wa kansa tambayoyi. Ka yi abin a harabar makaranta, da sanin shugabanka, da takarda a hannu. Sannan ka nemi mai lasisi na kusa da kai. A Najeriya lambobinsu da 5N suke farawa, a Nijar 5U, a Gana 9G, a Kamaru TJ, a Chadi TT, a Sudan ST. Ba su da yawa, amma samun ko mutum ɗaya zai ƙara wa takardarku nauyi, zai kuma nuna maka hanyar samun naka lasisin.

Game da lokaci, hukumomin sun tsara ci gaba da aiki da tashar zuwa wajen 2030, daga nan a sauko da ita cikin teku. In ka cire shekarar jira, ka ga zangunan karatun da suka rage ba su da yawa. Ka fara sauraron a bana, ka riƙa rubuta ranar kowace wucewa da abin da yara suka ji, ka adana hotunan da suka kama, domin su ne za ka haɗa da takardar neman a matsayin shaidar cewa makarantar ta riga ta fara.